Abubuwan da ya kamata ka sani game da birnin Alƙahira

Duk wanda ya taɓa zama a wajen tafsirin azumi, ya ji ana jan baƙi malam yana fassarawa da Jalalaini a hannu, to ya ƙaru da ilmin Alƙahira ko da bai taɓa taka ƙasar Masar ba. Malaman nan biyu da suka rubuta littafin, Jalaluddin al-Mahalli da ɗalibinsa Jalaluddin as-Suyuɗi, a wannan birni suka rayu kuma a nan aka binne su. Amma da an ambaci Alƙahira, abin da ke fara faɗo wa mutane a rai shi ne Fir'auna da gine-ginen dala. Suna nan kuwa, sai dai sun girmi birnin da dubban shekaru, kuma ba su ne suka yi shi ba.

Ba birni ɗaya ba ne

Alƙahira ta yau garuruwa ne da aka yi ta kafawa kusa da juna a gabashin Kogin Nilu, kowane mai mulki ya zo ya matsa arewa kaɗan ya kafa nasa, har suka haɗe. A shekarar 641 sahabin Manzon Allah (SAW), Amru ɗan Asi, ya kafa Fusɗaɗ kusa da wata tsohuwar ganuwar Rumawa, ya gina masallacin farko a Masar. An sha rushe shi ana sake ginawa, amma har gobe ana salla a wurin. Abbasiyawa suka zo suka kafa al-Askar a 750. Bayan su Ahmad ɗan Ɗulun ya kafa al-Ƙaɗa'i, wanda yanzu babu abin da ya rage nasa in ban da ƙaton masallacin da aka kammala a 879, mai hasumiyar da matakalarta ke zagaye ta daga waje.

Wadda ake kira Alƙahira ta asali an aza harsashinta ne a 969. Jauhar as-Siƙilli, kwamandan rundunar Faɗimiyawa, shi ya zana ta domin ubangidansa halifa al-Mu'izzu, wanda bai iso ba sai a 973. Da farko ba gari ne na talakawa ba, fada ce mai ganuwa ta halifa da dakarunsa, 'yan kasuwa da masu sana'a suna can Fusɗaɗ. Sai da aka banka wa Fusɗaɗ wuta a 1168, don gudun kada mayaƙan Salibiyya su same ta, sannan jama'a suka kwararo cikin ganuwar.

Daga nan mulki ya yi ta sauya hannu. Salahuddin al-Ayyubi ya kawo ƙarshen daular Faɗimiyawa a 1171, ya fara gina ganuwar Ƙal'a a kan dutsen Muƙaɗɗam a 1176, kuma daga wannan tudu aka mulki Masar kusan shekara 700. Mamalik suka karɓa a 1250, Turkawan Usmaniyya suka ƙwace a 1517, Napoleon na Faransa ya mamaye a 1798 bai wuce shekara uku ba aka kori dakarunsa. Muhammad Ali Fasha ya hau a 1805. Jikansa Isma'il ne ya shimfiɗa tsakiyar birnin zamani da faffaɗan tituna irin na Faris, ya ciyo bashin da ya buɗe wa Ingila ƙofar mamaye ƙasar a 1882.

Zamanin bayin da suka zama sarakuna

In ana son a gane dalilin da ya sa Alƙahira ta zama uwa ga biranen Musulmi, a dubi shekarun Mamalik, daga 1250 zuwa 1517. Asalinsu bayi ne da ake sayowa suna yara daga yankunan Turkawa da Kaukasus, a koya musu yaƙi da addini, a 'yanta su, su zama hafsoshi, mai ƙarfi a cikinsu ya hau gadon sarauta. Su ne suka tare Mongol a yaƙin Ainu Jalut a 1260, shekara biyu bayan rugujewar Bagadaza. Malamai da masu sana'a da suka tsere daga gabas suka sami mafaka a Alƙahira, har ma wani daga zuriyar Abbasiyawa aka naɗa shi halifa a can, ko da yake halifanci ne na suna kawai.

Mamalik mutane ne masu zubar da jinin juna a kan mulki, amma masu son gini. Tun da ba kasafai ake barin ɗa ya gaji dukiyar uba lafiya ba, sai kowane babba ya gina masallaci ko makaranta ko asibiti ya yi waƙafi, ya tanadi kabarinsa a ciki, iyalinsa su riƙa kula da waƙafin. Wannan dabara ta tsare dukiya ita ta cika birnin da hasumiyoyi. Asibitin Sarki Ƙalawun da aka gina a wajajen 1285 yana duba marasa lafiya kyauta. Makarantar Sarki Hasan, wadda aka fara a 1356, an ware wa kowace mazhaba daga cikin huɗun nata sashe. A ganina babu ginin da ya kai ta kwarjini a duk birnin, kuma wanda ya tsaya a tsakar gidanta ya ɗaga kai zai fahimci abin da nake nufi.

A wannan zamani ne Halilu ɗan Ishaƙ ya rubuta Muhtasar, littafin da almajirin fiƙihun Malikiyya a ƙasar Hausa ke ɗauka a matsayin ƙololuwar karatu. Ibn Hajar al-Asƙalani, mai Fathul Bari da Bulugul Marami, a nan ya yi alƙalanci ya rasu a 1449. Ibn Haldun ma a nan ya ƙare rayuwarsa a 1406 yana alƙalin Malikiyya.

Azhar da tsohuwar hanyarmu

An buɗe masallacin Azhar a 972 a matsayin cibiyar koyar da aƙidar Isma'iliyya ta Faɗimiyawa, waɗanda 'yan Shi'a ne. Mutane da yawa kan yi mamaki in sun ji haka. Salahuddin ya dakatar da sallar Juma'a a cikinsa, aka yi kusan shekara ɗari a haka, sai Sarki Baibars ya maido da ita. Tun daga lokacin ya zama babbar makarantar Ahlus Sunna. Wata doka ta 1961 ta ƙara masa tsangayoyin likitanci da injiniyanci da aikin gona.

Alaƙar yankinmu da birnin ta daɗe. A wajajen 1240 mutanen Kanem suka kashe dukiya aka gina makarantar Ibn Rashiƙ a Fusɗaɗ, domin ɗalibansu da alhazansu su sami masauki. Daga baya Barebari suka sami nasu ɓangaren kwana a cikin Azhar. Mansa Musa na Mali ya yada zango a Alƙahira a 1324 kan hanyarsa ta Makka, ya yi kyauta da zinariya har darajarta ta faɗi a kasuwa. Suyuɗi kuwa ya rubuta wasiƙar nasiha ga sarakunan ƙasashenmu, ciki har da na Katsina da na Agadas. Ɗaliban Najeriya da Nijar da Chadi da Ghana da ke zaune yau a Madinatul Bu'us, unguwar ɗaliban ƙetare, kan sawun magabata suke. Bambancin kawai, yanzu an ƙaru da masu zuwa ganin likita da 'yan kasuwa masu saro abaya da jallabiya.

Inda ya kamata ka taka da ƙafarka

Fara da titin Mu'izzu. Ya ratsa tsohon birnin daga Babul Futuh a arewa zuwa Babu Zuwaila a kudu, tafiyar kusan kilomita ɗaya, kuma dama da hagu masallatai ne da makarantu da wuraren shan ruwa na sadaka. A ƙofar Zuwaila ne Turkawa suka rataye Ɗuman Bai, sarkin Mamalik na ƙarshe. Ana iya hawa hasumiyoyin da ke kanta a hango rufin gari. Hukumar UNESCO ta sa wannan yanki cikin wuraren tarihin duniya tun 1979.

Kusa da nan kasuwar Han al-Halili take, wadda aka kafa a ƙarni na 14. Wanda ya san lungunan kasuwar Kurmi ba zai yi baƙunta ba: turare, carbi, fitilun tagulla, yadi, da mai kaya da zai faɗi farashi ninki uku yana rantsuwa. A taya ba tare da kunya ba. Masallacin Husaini yana bakin kasuwar, Azhar yana tsallaken titi.

Daga can a hau Ƙal'a, inda masallacin Muhammad Ali mai ƙubbobi irin na Istanbul yake. A cikin wannan ganuwa ne Muhammad Ali ya gayyaci manyan Mamalik da suka rage zuwa biki a 1811, ya sa aka rufe ƙofa aka karkashe su. A kudu akwai maƙabartar Ƙarafa da hubbaren Imamu Shafi'i, wanda ya rasu a 820. Talakawa da yawa suna zaune a ɗakunan da ke tsakanin kaburburan, kuma a 'yan shekarun nan an rushe wasu sassa don yin hanyoyi da gadoji, abin da masana tarihi na ƙasar suka yi ta kuka a kai. Suna da gaskiya, don abin da aka rushe ba ya dawowa.

A tsohuwar Fusɗaɗ akwai unguwar Kibɗawa, Kiristocin Masar, da cocin al-Mu'allaƙa da aka ɗora a kan ƙofar ganuwar Rumawa, da wurin ibadar Yahudawa na Ben Ezra, duk 'yar tafiya ce daga masallacin Amru.

Sai kuma gine-ginen dala. Suna Giza ne, a yammacin kogin, kuma gidaje sun riga sun ci har gindinsu. Babbar cikinsu ta Fir'auna Hufu ta kai shekara 4,500, tsayinta na asali mita 146. A gefe ga gunkin nan mai jikin zaki da kan mutum da Larabawa ke kira Abul Haul. Babban sabon gidan tarihi da aka buɗe a hukumance a Nuwamban 2025 yana nan kusa, da kayan kabarin Tutankamun fiye da 5,000. Tsohon gidan tarihi na dandalin Tahrir, wanda aka buɗe a 1902, yana nan yana aiki. Mai son ganin gawarwakin fir'aunonin kansu sai ya je gidan tarihin Fusɗaɗ, inda aka mayar da gawarwakin sarakuna da sarauniyoyi guda 22 a Afrilun 2021.

Murya, tukunya da ƙwallo

Alƙahira ta mallaki kunnen Larabawa. Fina-finanta da waƙoƙinta ne suka sa ake gane Larabcin Masar daga Maroko har Oman. Ummu Kulsum, wadda ta rasu a 1975, takan yi waƙa a rediyo ranar Alhamis ta farkon wata, tituna su yi tsit. Najib Mahfuz, da ya ci kyautar Nobel ta adabi a 1988, a lungunan bayan masallacin Husaini ya tashi kuma su ya rubuta. Mu kuwa ta wajen makaranta Alƙur'ani muka fi sanin muryar birnin: Abdulbasiɗ, Minshawi, da Husari wanda ya fara naɗar Alƙur'ani cikakke da murattal a 1961.

Abincin talaka shi ne kushari, haɗin shinkafa da taliya da adas da soyayyar albasa da miyar tumatir. Da safe ana karyawa da ful, wato dafaffen wake, da ɗa'amiyya da gurasa. Miyarsu ta muluhiyya lalo ce, zoɓo kuma suna shan sa da sanyi da zafi. A watan azumi ana rataya fitilun fanus a ko'ina, a buga igwa lokacin buɗa-baki, masu hali su shimfiɗa tebura a titi kowa ya zauna ya ci.

Ta wajen ƙwallon ƙafa kuwa, kada ka shiga gardamar ƙungiyoyin Al Ahly da Zamalek sai ka san ɓangaren mai masaukinka.

Cunkoso da sabon babban birni

Mutanen Alƙahira da kewayenta sun haura miliyan 20, kuma ana jin haka a jiki: hayaƙi, ƙarar hon dare da rana, gidajen jan bulo da aka gina ba izini a kan gonaki. Jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa da aka buɗe a 1987, na farko a Afirka, shi ne ceton mai sauri, kuma yana da taragun mata zalla. Dandalin Tahrir, inda zanga-zangar kwana 18 ta kawar da Husni Mubarak a Fabrairun 2011, yanzu shataletale ne mai yawan 'yan sanda.

Gwamnati ta zaɓi ta fice. Tun 2015 aka sanar da gina sabon birnin mulki a hamada, kimanin kilomita 45 gabas, kuma ma'aikatu sun fara komawa can. Masu suka na cewa kuɗin da aka zuba, wanda bashi ne da yawansa, da an gyara tsohon birnin da shi ya fi, kuma gidajen can sun fi ƙarfin ma'aikaci.

Kafin ka ɗaure kaya

Lokacin da ya fi daɗin ziyara daga Nuwamba ne zuwa Fabrairu, amma a tafi da rigar sanyi. Daga Maris zuwa Mayu iskar hamsin mai ƙura kan taso, bayanta kuma zafi ne mai tsanani. Juma'a da Asabar ne ranakun hutu, safiyar Juma'a ce kaɗai tituna ke sarari. Riƙe canji a aljihu, don ɗan ihsanin da suke kira baƙshish ana sa ransa a wurare da yawa. A Giza kada ka hau raƙumi ko doki sai kun gama ciniki, har da kuɗin saukowa. Kada ka ɗauki hoton 'yan sanda ko gine-ginen soja. In kwanakinka kaɗan ne, ba dala wuni guda, sauran ka ba titin Mu'izzu da Azhar da makarantar Sarki Hasan.