Idan wuta ta ja ka a wurin aiki, kada ƙanƙantar tabo ta ruɗe ka

Makon jiya wani matashin tela ya shigo kantinmu na magani yana neman man ƙuna. Ya miƙo mini yatsa, ga wani farin tabo da bai fi ƙwayar wake ba. Dutsen guga ne ya ja shi, wayar ta zaizaye aka naɗe ta da leda. Da na ce asibiti zai tafi, sai ya yi dariya: "Haba Anti, a kan wannan ɗan abin?"

Mai karatu, ƙunar lantarki ba irin ta ruwan zafi ba ce. Wutar kan shiga ta wani wuri ta fita ta wani, kuma duk naman da ta ratsa a tsakani tana iya dafa shi alhali fata ba ta nuna komai ba. Wutar da ke shagunanmu mai ƙarfin bolt 230 ce, ta isa ta hargitsa bugun zuciya. Tana kuma ƙanƙame tsokar hannu, shi ya sa wanda ta kama yake kasa sakin wayar. Jiƙaƙƙen hannu ko tsayuwa ba takalmi a siminti mai laima suna sauƙaƙa mata hanya, kuma duk mai shago a Legas ko Ibadan ya san yadda daɓe ke zama da damina.

Dubi shagonka yau. Soket ɗaya ne ke ɗauke da dutsen guga da firji da fanka? Taɓa shi, in da ɗumi ko ya fara baƙi, cire kayan. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne tura tsirarar waya cikin soket a tokare da tsinken ashana, da kuma maye fiyus da waya mai kauri. Aikin fiyus shi ne ya ƙone kafin shago ya ƙone. Sa ƙwararren mai gyaran wuta ya duba wayar da ke kai wuta ƙasa, ya kuma saka maka na'urar nan da ake kira RCD, wadda ke yanke wuta cikin ƙiftawar ido in ta fara bi ta jikin mutum. Janareta kuwa a waje yake zama saboda hayaƙinsa na kisa, kuma kada a haɗa shi ba tare da makunnin canja layi ba, domin wutarsa na iya komawa kan layi ta kama ma'aikacin da ke bisa turke.

In abin ya faru a gabanka, kada ka taɓa mutumin. Kashe wutar daga babban makunni. In ba hali, tsaya a busasshen wuri ka ture wayar da busasshen katako. Kira 112. Idan ba ya numfashi, danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti, har taimako ya iso. Ƙunar a kwarara mata ruwan famfo na minti 20. Ban da man goge baki, ban da manja ko ɗanyen ƙwai, kuma kada a ɗura wa wanda ya suma madara.

Ga inda aikina ya shigo. Naman da wuta ta lalata yana sakin wani sinadari da ke wahalar da ƙoda, alamarsa fitsari ya koma kamar baƙin shayi. A irin wannan hali ibuprofen da diclofenac, da mutane ke saye kamar alewa, ƙara wa ƙodar nauyi suke. Farasitamol ya fi, kafin likita ya gani. Suma, ciwon ƙirji, faɗuwar gaba ko juna biyu, duk asibiti ne nan take, a auna zuciya a kuma duba batun allurar tetanus.

Telan ya tafi asibitin, bayan na kira maigidansa a waya. Jiya na bi ta shagonsu, sun canja wayar dutsen gugar, amma ta keken ɗinkin tana nan da ledarta.