YOYON BAƘIN MAI: A NEMI TUSHENSA KAFIN A KWANCE SALANSA

Tun da aka cire Jihar Taraba daga tsohuwar Jihar Gongola a 1991, Jalingo ta zama matattarar motoci masu doguwar tafiya: wasu su nufi Numan da Yola, wasu Wukari, wasu kuma su bi ta Bali da Serti su hau tsaunin Mambila zuwa Gembu. Wannan hawan shi ne ke tona asirin inji, domin motar da ke ɗigar da mai kaɗan-kaɗan a cikin gari, in ta yi zafi a kan gangare sai yoyon ya ƙaru. Direbobi da yawa kuwa sun ɗauki abin da sauƙi, su dai su riƙe galan a but suna ƙarawa.

Haɗarin iri biyu ne. Na farko, in mai ya ƙare ba a ankara ba, inji ya buga a dokar daji. Na biyu, bututun hayaƙin da ke manne da inji yakan wuce digiri 400 na zafi, alhali baƙin mai kan soma fitar da tururi mai kama wuta tun daga wajen digiri 200. Mai da ke ɗiga a kansa gobara ce ke jiran lokaci.

Abin da ya kamata mai mota da bakanike su riƙe shi ne: inda mai ya ɗiga ba nan ya fito ba. Mai yakan gangaro daga sama, iska kuma ta kora shi baya. Misali mai kyau shi ne motar tsere ta Jamus, Porsche 911, wadda iska ke sanyaya injinta har zuwa 1998, kamar Volkswagen ɗin da aka soma harhaɗawa a Legas a 1975. Salansarta na ƙarƙashin inji, saboda haka duk wani yoyo a kanta yake ƙarewa, har ƙauri ya shiga cikin mota. Sau da yawa kuwa tushen yana can saman inji, wajen suwic ɗin fitilar mai.

To, yaya ake ganowa? A shimfiɗa kwali ƙarƙashin mota ta kwana. Baƙin mai duhu ne da shi, man giya mai sarrafa kanta ja-ja ne, man giyar hannu kuwa wari ne da shi. Daga nan a wanke inji da kananzir, a bari ya bushe sarai, a barbaɗa farar hoda a wuraren da ake zargi, a tada mota ta yi minti 15. Wurin da ya jiƙe mafi tsayi, nan ne tushe. Galibi gaskit ɗin murfin inji ne, ko robar filta, ko woshar notin juye mai, ko kuma sil na gaba ko na baya. Kazalika a duba bututun numfashin inji; in ƙura ta toshe shi, iska za ta matso mai ta kowace kafa, ko an sa sabon sil. Shuɗin hayaƙi daga bakin salansa kuwa alama ce inji na ƙona mai a ciki, watau ringi ko sil na bawul, ba yoyon waje ba.

Sai an tabbatar salansa ta tare hanyar gyara sannan a taɓa ta, domin notocinta sun sha wuta da tsatsa. A bar inji ya huce. A jiƙa su da man sassauta tsatsa tun dare. A sa sufana daidai kan noti, a riƙa juyawa gaba da baya a hankali. In ya ƙi, a goge man da ya zuba tukuna, sannan a gasa notin da wuta, ba ƙusar ba. Ƙusar da ta karye cikin kan silinda na alminiyam sai an huda, aikin awa ɗaya ya koma na kwanaki. A motocin zamani a zare wayar na'urar auna hayaƙi kafin a sauke bututu, a kuma tallafe shi kada nauyinsa ya tsaga wani wuri. Wajen mayarwa a sa sabon gaskit da sababbin notoci. Kada kowa ya kuskura ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

Mai mota yana da haƙƙin ya ce wa bakanike, "Malam, nuna mini inda yake fitowa," kafin a ɗauki sufana. Wanda ya san aikinsa ba zai ji haushi ba. Allah ya kai kowa gida lafiya.