Gaɓa da Jijiya: Kimiyyar Ɗaura wa Mota Tirela

Gabatarwa

Da zarar kaka ta yi, hanyar da ta tashi daga Ƙauran Namoda ta nufi Shinkafi takan cika da kaya. Manomin Jangeru da ya sussuke gero, ko wanda ya haƙe albasa a fadama, babu abin da ke gabansa sai yadda zai kai amfaninsa kasuwa. Tun da layin dogo ya iso Ƙauran Namoda a 1929, wannan yanki yake fitar da kayan gona zuwa kudu. A da jakuna da raƙuma ke ɗauko su daga ƙauyuka, sannan amalanken shanu. Yanzu kuwa akwai masu jif ko a-kori-kura da ke ɗaura wa motarsu ƙaramar tirela don rage kuɗin dako. Aiki ne da mutum zai iya yi da kansa, amma sai ya fahimci abu biyu da ɗalibin ilmin halittu ya riga ya sani a jikin ɗan Adam, wato gaɓa da jijiya.

Gaɓa

Ƙashin cinya yana ƙarewa ne da dunƙulallen kai wanda ke zaune cikin wani ƙoƙo a ƙashin ƙugu. Wannan ne ya sa ƙafa take juyawa gaba da baya da gefe ba tare da ta fice ba. Haka abin jan tirela yake: ƙwallon ƙarfe a bayan mota, ƙoƙo kuma a bakin tirela. Idan kan ƙashi bai cika ƙoƙonsa ba, targaɗe ko gocewa ba su da nisa. A ƙasashen Turai faɗin ƙwallon milimita 50 ne, a Amurka kuwa wanda aka fi amfani da shi inci 2 ne, wato milimita 50.8. Tunda motocin da ake shigowa da su Nijeriya daga ɓangarorin biyu suke fitowa, wajibi ne a karanta lambar da aka buga a kan ƙwallon da ta jikin ƙoƙon, a tabbatar iri ɗaya ne.

Gaɓa kuma a kan ƙashi take zama, ba a kan fata ba. Ƙashin mota shi ne dogayen ƙarafan nan biyu da ke ƙarƙashinta, waɗanda suka ɗauki inji da gangar jiki. Yawancin motoci ƙirar jif suna da ramuka a ƙarshen waɗannan ƙarafa da aka tanada domin wannan aiki. Sai a kankare tsatsa da laka, a ɗaga ƙarfen jan, a zura dukkan notuna da hannu tukuna, sannan a bi su ɗaya bayan ɗaya da sufana a ɗaure tamau. Kai mota wurin mai walda ya liƙa ƙugiya a jikin bamba ganganci ne, domin ba a yi bamba don jan kaya ba. A ƙarshe a saƙala sarƙoƙi biyu a gicciye a ƙarƙashin bakin tirela, ta yadda ko ƙoƙon ya fice, sarƙar za ta tallafe shi kafin ya caki ƙasa.

Nauyi da daidaito

A ɗauka tirela tana da nauyin kilo 200, aka loda mata buhu biyar na gero mai kilo 100 kowane. Jimla kilo 700 ke nan. Ƙa'idar da makanikai ke bi ita ce, kimanin kashi 10 cikin 100 na wannan nauyi, wato kilo 70, ya danne ƙwallon, muddin bai wuce iyakar da aka rubuta a jikin ƙarfen ba. Ana samun haka idan aka sa kimanin kashi 60 na kayan a gaban tayoyin tirela. Idan kaya suka rinjaya baya, bakin tirela zai riƙa ɗaga bayan mota, tayoyinta su rage kama ƙasa, tirela ta fara lilo dama da hagu har ta kifar da motar. Duk mai amalanke ya san haka, domin idan ya tara kaya a baya, karkiya takan ɗaga ta shaƙe wuyan shanu.

Har ila yau, irin wannan tirela ba ta da birkin kanta. Motar da ke da nauyin kilo 2,000, idan ta ja kilo 700, aikin birkinta ya ƙaru da fiye da kashi ɗaya bisa uku. Idan kuma direba ya ninka gudu sau biyu, ƙarfin da birki zai kashe ya ninku sau huɗu. Saboda haka ne a Turai aka haramta wa tirela marar birki wuce kilo 750.

Jijiya

Jijiyar laka ce ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa ƙafa. Tirela takan rufe fitilun bayan mota, don haka dole a miƙa mata wayoyi da za su kai saƙon birki da sigina zuwa nata fitilun. Soket ɗin Turai mai baki bakwai yana da launuka sanannu: ruwan ɗorawa na siginar hagu, kore na siginar dama, ja na birki, ruwan ƙasa da baƙi na fitilun dare, shuɗi na fitilar hazo, fari kuwa shi ne hanyar da wuta ke komawa batir. Kafin a taɓa kowace waya, a gano aikinta da ƙwan gwaji, sannan a cire kan batir. Ƙwan birki mai wat 21 a kan batir mai bolt 12 yana jan amfiya 1.75, don haka ƙara ƙwayaye ƙarin kaya ne a kan fis. Sababbin motoci masu kwamfuta sukan buƙaci wani ƙaramin akwati da ke ɗauko wuta kai tsaye daga batir.

Farar waya ita aka fi rainawa, ita ce kuma ta fi jawo matsala. Wuta ba ta gudana sai ta sami hanyar komawa. Wasu sukan dogara da ƙwallon ƙarfe ya yi wannan aiki, alhali giris da tsatsa da ƙurar hunturu sun shiga tsakani. Sai wutar ta nemi hanya ta cikin wasu ƙwayayen, a taka birki a ga sigina na ƙyaftawa. Maganinsa shi ne a kankare fenti har ƙarfe ya fito fes, a ɗaure farar wayar a nan.

Kammalawa

Tirelar da ke dawowa daga kasuwar Shinkafi bayan magariba ba fitila, tarko ce ga ɗan acaɓan da ke biye da ita. Kafin kowace tafiya, direba ya sa wani ya tsaya a baya, shi kuma ya taka birki, ya kunna sigina hagu da dama, sannan ya jijjiga ƙoƙon ya ji ya kama. Minti biyu sun isa, kuma rigakafi ya fi magani.