Kwafe rumbun kwamfuta ɗaya zuwa kwamfutoci da yawa: a ƙirga lasisi kafin a fara

Ya ku ɗaliban yaƙi da jahilci na ƙasar Arewa, a ce cibiyarku ta karatu, a Matankari ko a Kore Mairuwa, ta sami gudummawar kwamfutoci 10. Sai aka ɗauko mai gyara daga Dogondutsi, ya ce: “Zan shirya guda ɗaya, sannan in kwafe ta zuwa sauran 9.” Dabara ce mai kyau, tana rage lokaci da kuɗi. Amma akwai tambayar da ya kamata kwamitin cibiya ya yi masa kafin ya taɓa komai: shin muna da izinin yin haka?

Mene ne rumbun kwamfuta?

A cikin kowace kwamfuta akwai wani faifai da ke ajiye duk abin da ta sani. Muna kiran sa rumbu, domin aikinsa ya yi kama da na rumbun hatsi. Abu iri biyu ake ajiyewa a ciki. Na farko shi ne aikinku: wasiƙu, hotuna da sunayen ɗalibai. Na biyu shi ne manhaja, wato umarnin da ke sa kwamfuta ta yi aiki, kamar Windows da ke tafiyar da ita, ko Word da ake rubutu da shi.

Kwafe rumbu shi ne a ɗauki duk abin da ke cikin rumbu ɗaya a zuba shi a wani, ba ragi ba ƙari. Kwamfutar da aka shirya da farko ita ce uwa, sauran kuma su fito kamar an tsaga kara.

Kwafi ba ya ƙara lasisi

Idan kun sayi Windows ko Word, ba manhajar ce ta zama taku ba. Izinin amfani da ita kuka saya, shi ake kira lasisi. Galibi lasisi ɗaya na kwamfuta ɗaya ne. Ku dubi ɗan kabu-kabu mai babur biyu da takardu na babur ɗaya. Ko ya buga kwafin takardun sau goma, babur na biyu ba shi da takarda. Haka lasisi yake: manhaja tana bin kwafi, izini ba ya bi.

Doka ma ta san da wannan. Nijar tana cikin ƙasashen yarjejeniyar Bangi ta 1977, wadda ta kafa ƙungiyar OAPI mai hedkwata a Yawunde. Yarjejeniyar, bayan gyare-gyaren da aka yi mata, tana kare manhajar kwamfuta kamar yadda take kare littafi. Ƙasarmu kuma tana da dokarta ta haƙƙin mallaka ta 2010, da ofishin BNDA a Yamai mai kula da haƙƙin masu ƙirƙira.

Ire-iren lasisin Windows

1. Wanda ya zo tare da kwamfuta daga masana'anta. Nata ne ita kaɗai, ba a mayar da shi ga wata. A tsofaffin kwamfutoci za ku ga ƴar takarda manne a jiki, mai ɗauke da haruffa da lambobi 25. Tun fitowar Windows 8 a 2012, ana saka lambar a cikin na'urar kanta.

2. Wanda aka saya daban. Ana iya mayar da shi ga wata kwamfuta, bayan an cire shi daga ta farko.

3. Lasisin sari, na ma'aikatu da makarantu da ƙungiyoyi. Masu irin wannan yarjejeniya ne kamfanin Microsoft ya ba damar kwafe rumbu ɗaya zuwa kwamfutoci da yawa, da sharaɗin kowace kwamfuta tana da lasisinta na irin wannan Windows ɗin.

Ku lura, lasisin Windows bai haɗa da na Word da Excel ba. Kowanne ana ƙirga shi daban.

Me za ku yi hasara idan aka yi sakaci?

Wani mai gyara zai ce yana da hanyar karya makulli. Kada ku yarda. Sau da yawa irin wannan manhaja tana zuwa da ƙwayar cutar kwamfuta. Idan uwar ta kamu, duk 9 da aka kwafa daga gare ta sun kamu a rana ɗaya. Rajistar ɗalibai da lissafin asusun mata na iya salwanta. Ƙungiyar da ta ba ku kayan tana iya neman shaidar lasisi, ku rasa abin nunawa. Ga kuma batun amana: cibiyar da ke koyar da gaskiya bai kamata ta ci haƙƙin wani ba.

Akwai kuma batun tsufa. Microsoft ta daina tallafa wa Windows XP a 2014, Windows 7 a 2020, tallafin da aka saba na Windows 10 kuma ya ƙare a watan Oktoba na 2025. Kwamfutocin gudummawa galibi tsofaffi ne, da yawansu ba sa ɗaukar Windows 11.

Hanyar da ba ta buƙatar kuɗin lasisi

Akwai manhajojin da masu su suka yarda kowa ya kwafa ya raba. Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a ƙasar Finlan a 1991, tana tafiyar da kwamfuta a madadin Windows, wasu nau'o'inta kuma suna aiki sosai a tsofaffin kwamfutoci. LibreOffice yana yin rubutu da lissafi, yana buɗe takardun Word da Excel. Clonezilla, wanda aka ƙirƙira a Taiwan, shi ne ke yin kwafin rumbun. Waɗannan ma suna da lasisi, sai dai lasisinsu ya halatta kwafi, ko a kwamfuta 10 ko a 100.

Kada a manta da harshenmu. Ƙa'idar rubutun Hausa ta Nijar ta 1999 tana amfani da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Zanen haruffa mai suna Andika, wanda ƙungiyar SIL ta tsara domin masu koyon karatu, yana da su duka, kuma kyauta ne. A saka shi a uwar kafin kwafi, kowace kwamfuta ta same shi.

Matakan da za a bi

1. Ku rubuta sunan kowace kwamfuta a littafi, da lasisin da take da shi.

2. Ku tambayi wanda ya ba ku kayan ko yana da lasisin sari, ya ba ku amsa a rubuce.

3. Idan lasisi bai kai yawan kwamfutoci ba, ku zaɓi Linux da LibreOffice.

4. A shirya uwa da tsabta. Kada a bar hoton kowa, ko lambar sirri, ko sunayen ɗalibai a ciki, domin duk za su bazu zuwa sauran.

5. Idan Windows ce, mai gyara ya yi amfani da Sysprep, wanda ke goge alamun uwar domin kowace kwamfuta ta sami nata suna.

6. Ku kwashe duk aikin da ke cikin kwamfutocin da za a zuba wa kwafi, domin kwafi yana shafe abin da ya tarar.

7. Rumbun da zai karɓa kada ya gaza na uwar girma. Aiki ya fi sauƙi idan kwamfutocin iri ɗaya ne.

8. A tanadi batir mai caji. Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar kwafi, sai an sake daga farko.

9. A gwada a kwamfuta ɗaya tukuna. A ajiye kwafin uwar a wani rumbu na daban, cikin akwati mai makulli.

Abin tunawa

Ba sai kun iya gyaran kwamfuta ba kafin ku kare cibiyarku. Karatu da ƙirga da kuka koya sun isa. Ko a Tibiri kuke ko a Dogondutsi, ku zauna da mai gyara, ku buɗe littafinku, ku tambaye shi abu uku: kwamfutocinmu nawa ne, lasisinmu nawa ne, kuma ina takardar shaida? Idan lissafi ya yi daidai, ya fara aiki. Idan bai yi ba, ku ce masa ya saka muku manhajar da aka halatta wa kowa.