Igiyar da Aka Rataya a Masana'antar Fremont

A garin Fremont da ke jihar Kalifoniya ta Amurka, kamfanin General Motors ya taɓa mallakar wata masana'antar haɗa motoci da ta yi ƙaurin suna. Ma'aikatanta suna shan giya a bakin aiki, yajin aiki ba ya ƙarewa, kusan mutum ɗaya cikin biyar ba ya leƙowa aiki, motocin da ake fitarwa kuwa duk aibu. A 1982 aka rufe ta, kowa yana cewa mutanen wurin ba su gyaruwa.

A 1984 aka sake buɗe ta da sunan NUMMI, haɗin gwiwar General Motors da Toyota, amma ragamar aiki tana hannun Toyota. Mafi yawan waɗanda aka ɗauka su ne dai tsofaffin ma'aikatan nan, har da ƙungiyarsu ta ƙwadago. Aka tura ɗaruruwansu masana'antar Takaoka a Japan su ga yadda ake yi. Ba a daɗe ba ingancin motocin Fremont ya kusa kamo na Japan, fashin aiki ya ragu ƙwarai.

A zamanin General Motors doka ɗaya ce: layin aiki ba ya tsayawa. Da yawan motocin da suka fita ake auna mai kula da sashe, don haka in lebura ya ɗaura ƙusa a karkace, gara ya yi shiru motar ta wuce, wani ya ji da ita a gaba. Wanda ya nuna matsala shi ke shan faɗa. Toyota kuwa igiya ta rataya a saman kowa. Duk wanda ya ga kuskure, nasa ne ko na wani, sai ya ja. Nan take shugaban rukuninsa ya zo ya kama masa, in abin ya gagara layin ya tsaya. Tsayar da layi asarar kuɗi ce, kuma an miƙa wannan ikon ga ƙaramin ma'aikaci. A ganina nan ne maganar take. Mutum ba ya kai rahoton kuskure wurin wanda zai ci masa mutunci, kuma oga da ke tsawa duk lokacin da aka kawo masa mummunan labari, sannu a hankali sai a daina kawo masa, ya zauna yana zaton lafiya lau.

Akwai kuma batun amana. A NUMMI, manajoji da leburori wuri ɗaya suke cin abinci, ba a ware wa manya wurin ajiye mota. A 1988 da kasuwa ta faɗi, masana'antar ta rage yawan motocin da take haɗawa, amma ba ta sallami ma'aikata ba, sai ta tura su horo. Wanda ya ga haka da idonsa ba ya tsoron kawo shawarar da za ta rage aiki, don ya san ba tuwonsa zai zubar ba.

General Motors ta yi ƙoƙarin kai tsarin wasu masana'antunta, irin ta Van Nuys, abin bai kama ba. Rataya igiya ba wuya, amma manajojin can ba su yarda su saki ikonsu ba, ma'aikata ma ba su amince da su ba. An rufe Van Nuys a 1992. NUMMI ta ci gaba har 2010, bayan General Motors ta durƙushe ta janye hannunta, sannan Tesla ta sayi ginin.