Me Ya Sa Gaban Mota Ke Rawa Bayan An Sa Sabon Boris?

Birnin Ƙwanni mararraba ce. Babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta bi ta Doso da Dogon Dutsi, ta nan take wucewa zuwa Maraɗi da Damagaram. Gabas da garin kaɗan, a Tsarnawa, wata hanya ta rabu ta yi arewa, ta bi ta Badagishiri cikin gundumar Ilela, ta nufi Tawa da Agadas. Daga kudu kuma ga iyakar Najeriya da hanyar Sakkwato.

Dare da rana manyan motoci suna bin waɗannan hanyoyi. Wasu suna ɗauke da siminti daga Malbaza, inda ma'aikatar siminti ta fara aiki a shekarar 1966. Wasu suna ɗauke da albasar Galmi, wasu hatsi ko dabbobi. Saboda haka akwai gareji da yawa a bakin hanya, kuma kanikawa ba su rasa aiki. Ɗaya daga cikin ayyukan da suka fi yi shi ne sake boris na tayar gaba.

Mene ne boris?

Taya tana ɗaure a jikin wani ƙarfe mai kauri da ke tsakiyarta, wato cibiya. Ita kuwa cibiya tana juyawa a kan wata gajeruwar sandar ƙarfe wadda ba ta juyawa. Da a ce cibiya tana gogar sandar kai tsaye, da ƙarafan biyu sun yi zafi sun cinye juna kafin mota ta yi nisa. Boris shi ne ke shiga tsakaninsu. Zobba biyu ne na ƙarfe, babba da ƙarami, da ƴaƴan ƙarfe masu santsi a jere a tsakani, ana cika su da giris. Da yake Ƙwanni a bakin iyaka take, abin yana da suna biyu: wasu suna cewa boris, kamar a Najeriya, wasu kuma rulma, daga Faransanci.

Boris ɗin keke ƴaƴansa dunƙulallu ne kamar wake. Na babbar mota kuwa dogaye ne, kai ɗaya ya fi ɗaya kauri. Wani mai ƙera keken doki a Amurka, Henry Timken, shi ya sami takardar mallakar wannan iri a shekarar 1898. Irin nan yana ɗaukar nauyin da ke dannowa daga sama, yana kuma jure turin da ke zuwa daga gefe lokacin da mota ke shan kwana. Kowace cibiya tana da guda biyu, na ciki da na waje, kuma noti babba guda yana riƙe da su.

Aikin boris ba kaɗan ba ne. Kewayen tayar babbar mota ya kai wajen mita 3,3. Ke nan a kowane kilomita taya tana juyawa kamar sau 300. Idan mota tana gudun kilomita 60 a awa, tayar tana juyawa sau 5 a cikin daƙiƙa ɗaya. Daga Ƙwanni zuwa Yamai, tafiyar wajen kilomita 420, za ta juya fiye da sau 120.000. Duk wannan, tayar gaba ɗaya tana iya ɗaukar nauyin ton 3, wato nauyin buhun siminti 60.

Yashi, ruwan damina, ramuka da lodin da ya wuce kima suna kashe boris. Idan ya fara lalacewa yakan yi ƙugi, kuma ƙugin yana ƙaruwa da gudu. Sai a cire shi a sa sabo.

Tambayar farko

Wani lokaci, bayan an gama aiki, direba yakan dawo gareji ransa a ɓace. Ƙugi ya tafi, amma yanzu sitiyari yana rawa a hannunsa. Hira takan kasance kamar haka:

— Sannu da aiki, maigida. Boris ɗin nan da kuka sa mini ba shi da kyau. Gaban motar duk rawa yake.

— Yawwa, sannu direba, yi haƙuri. Yaushe yake rawar? Tun daga tashi, ko sai ka yi gudu? Ko kuwa sai ka taka birki?

Bakanike mai gaggawa zai cire sabon boris nan take ya aika a sayo wani. Sau da yawa kuɗi ne kawai za su tafi, rawa kuwa tana nan. Ana zaton wuta a maƙera, sai ta tashi a masaƙa. Dalili kuwa, kafin a kai ga boris sai an cire taya, an cire gangar birki, an zare cibiya. Duk abin da aka cire aka mayar yana iya zama a karkace. Shi ya sa gwanin bakanike yake fara da tambaya, don lokacin da rawa ke zuwa shi ke nuna inda take fitowa.

Idan mota tana tangaɗi tun tana tafiya a hankali, to taya ba ta zauna daidai ba, ko wili ya lanƙwashe, ko robar ta kumbura a wani wuri.

Idan rawar ba ta zuwa sai mota ta kai wani gudu, misali kilomita 70 ko 80 a awa, to gefe ɗaya na taya ya fi ɗaya nauyi.

Idan sai an taka birki take zuwa, to a duba gangar birki.

Idan kuma sai mota ta faɗa rami ko ta hau hanyar burji mai gargada, to wani abu ya yi sako-sako: ko boris, ko mahaɗan sitiyari.

Notoci da ƙasa

Bincike yana farawa daga abin da ya fi sauƙi, wato notocin taya. Manyan motoci da yawa suna da noti 10 a kowace taya. Ba a ɗaure su bi da bi a kewaye. Ana ɗaure ɗaya, a tsallaka a ɗaure wanda ke fuskantarsa, haka har a gama, sa'an nan a sake zagayowa a ƙara ƙarfi. Wanda ya ɗaure gefe ɗaya tam tun da fari ya karkatar da taya.

Sai kuma datti. Gareji da yawa a fili suke, kuma ana ajiye taya a ƙasa. Idan yashi ko tsatsa ya maƙale tsakanin fuskar cibiya da wili, ƙarafan biyu ba za su manne ba. Ƴar tsakuwa a kusa da tsakiya takan zama babbar karkata a bakin taya, don bakin yana da nisa da tsakiya. Bayan haka, idan mota ta yi tafiya, yashin yakan niƙe, wurinsa ya zama fanko, notoci su saki. Saboda haka ake goge fuskokin biyu sarai kafin a mayar da taya, kuma ake sake ɗaure notoci bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100.

Gwaji da hannu

Idan notoci lafiya suke, sai a ɗaga gaban mota da jak. Ana tare tayoyin baya, ana kuma sa matokari mai ƙarfi a ƙarƙashi, don ba a dogara ga jak shi kaɗai.

Bakanike yakan kama taya sama da ƙasa ya girgiza ta. Tayar babbar mota tana da nauyi, don haka yakan sa dogon ƙarfe a ƙarƙashinta ya ɗaga. Idan ya ji tana motsi, sai ya ce wa yaronsa: "Kai, hau ka taka birki, kada ka saki." Sa'an nan ya sake girgizawa.

Wannan dabara tana raba gardama. Birki yana manne cibiya da sandarta, su zama kamar abu ɗaya. Idan motsi ya ɓace, to daga boris yake. Idan yana nan, to daga babbar ƙusar da tayar gaba ke karkata a kanta yake, boris ba ruwansa. Daga nan sai ya kama taya dama da hagu ya girgiza. Motsi ta wannan gefe yakan nuna cewa mahaɗan sandunan sitiyari sun ci.

Idan boris ne

Sabon boris yana iya yin sako-sako ta hanya biyu. Ta farko, babban zobensa ana shigar da shi cikin cibiya da ƙarfi, kuma dole ya kai ƙarshen mazauninsa ta kowane gefe. Idan an buga shi da guduma ya tsaya a karkace, a gareji kome zai yi kamar daidai. Amma da mota ta ɗauki kaya ta bugi ramuka biyu ko uku, zoben zai ƙarasa shiga, sarari ya buɗe, cibiya ta fara lilo.

Ta biyu, ɗaurin babban noti. Ana ɗaure shi da ƙarfi ana juya cibiya, don ƴaƴan boris su zauna. Sa'an nan a sassauta, a sake ɗaurewa kaɗan, a bar ɗan sarari wanda bai wuce kaurin takardar littafi ba, wato wajen kashi ɗaya cikin goma na milimita. Daga ƙarshe a kulle notin don kada ya warware. Idan sararin ya yi yawa, taya ta yi lilo. Idan kuma an matse fiye da kima, boris ya yi zafi, giris ya narke ya zube, ƙarfe ya kama ƙarfe. Don haka bayan gwajin tafiya bakanike yakan kai hannu kusa da cibiyar dama da ta hagu, a hankali, ya ji ko ɗaya ta fi ɗaya zafi.

Wasu motocin zamani suna zuwa da cibiya da boris a haɗe, a rufe. Irin wannan ba a daidaita masa sarari. Ana ɗaure notinsa da sifana mai ma'auni, gwargwadon ƙarfin da masu ƙera motar suka rubuta.

Alli, laka da mazari

Idan babu motsi ko'ina, sai a ɗauko alli. A kafa shi a kan bulo dab da gefen wili, a juya taya a hankali. Idan wili daidai yake, alli zai ja layi a kewaye duka. Idan ya taɓa nan ya bar can, wili ya lanƙwashe ko bai zauna ba. Haka ma ake gwada gangar birki. Gangar da ta karkace tana kama birki tana saki a kowane juyi, shi ne direba ke ji kamar mota tana fizga.

Saura batun nauyi. Duk wanda ya ga tsohuwa tana kaɗi ya san cewa idan gululu bai zauna a tsakiyar mazari ba, mazari rawa zai yi. Taya ma haka take. Busasshiyar laka a cikin wili, ko babban faci, ko ɓacewar ƴan guntayen darmar da ake maƙalawa a bakin wili, duk suna sa gefe ɗaya ya rinjayi ɗaya. Ƙarfin wannan rinjaye yana hawa da sauri: idan gudu ya ninka biyu, shi yana ninka huɗu. Hanyar ganewa mai sauƙi ita ce a cire tayar a sa ta ajiya. Idan rawa ta tsaya, an gano mai laifi.

Akwai kuma ɓarnar da tsohon boris ya bari. Idan mota ta daɗe tana tafiya da shi yana lilo, robar taya takan ci tudu da kwari. Sabon boris ba ya gyara wannan. Wanda ya shafa tayar da tafin hannu zai ji shi.

Me ya sa ba a jira?

Direban da ya ɗauko albasa daga Galmi yana sauri, don albasa ba ta son daɗewa cikin zafi. Yana iya cewa bari ya kai kaya tukuna. Amma rawa ba ta warkewa da kanta. Tana faɗaɗa ramukan notoci, tana gajiyar da ƙusoshin taya har su karye. Boris mai zafi kuma yana iya yanke sandar da ke ɗauke da shi. Idan tayar gaba ta fita mota tana gudu, sitiyari ba shi da sauran amfani. Hanyar kuwa ta ratsa garuruwa, a bakinta akwai kasuwanni, da amalanke, da yara masu zuwa makaranta. Binciken da aka bayyana a nan ba ya wuce awa ɗaya ko biyu, kuma yawancinsa hannu, ido, kunne da guntun alli yake bukata.

Kalmomi

boris, rulma: roulement
cibiyar taya: moyeu
wili: jante
gangar birki: tambour de frein
sitiyari: volant
noti: écrou

Tambayoyi

1. Waɗanne hanyoyi ne suka haɗu a Ƙwanni da Tsarnawa?
2. Wane aiki boris yake yi?
3. Me ya sa bakanike yake tambaya yaushe rawa take zuwa?
4. An taka birki, motsin taya ya ɓace. Ina laifin yake?
5. Taya tana juyawa sau 300 a kilomita ɗaya. Sau nawa za ta juya a tafiyar kilomita 35?

Aiki

A kifa keke, a juya tayar gaba, a lura da ita. Sa'an nan a manna curin laka a bakin wili a wuri ɗaya, a sake juya ta, da fari a hankali, daga baya da sauri. A rubuta abin da aka gani da Hausa, a kuma rubuta shi da Faransanci.