Kunnuwa Da Yawa, Baki Ɗaya: Yadda Huston Ke Magana Da Kumbo

Duk wanda ya ga hoton ɗakin kula da tafiyar kumbo na Hukumar NASA da ke birnin Huston a Amurka, abin da zai fara ɗaukar hankalinsa shi ne manyan allunan majigi na bangon gaba, masu nuna taswirar duniya da hanyar da kumbo yake bi. Amma fa ginshiƙin wannan ɗaki, wanda ya fara jagorancin tafiye-tafiye a 1965, shi ne tsarin da aka shimfiɗa wa magana.

Kafin a gina shi, tashoshi ne warwatse a duniya suke karɓar muryar ɗan sama jannati bi da bi. Ɗaya daga cikinsu tana Kano, kuma John Glenn ya yi magana da ita lokacin da ya kewaya duniya sau 3 a ranar 20 ga Fabrairu, 1962. Daga baya aka tattara maganar a wuri guda.

A cikin ɗakin, kowane ma'aikaci yana da fanninsa: wani wutar lantarki, wani hanyar kumbo, likita kuma yana duban bugun zuciya da numfashin matafiya. Kowannensu yana sanye da na'urar sauraro wadda ke haɗa shi da layukan magana da dama a lokaci ɗaya, har da na ƙwararrun da ke mara masa baya a wasu ɗakuna. Ta haka labari yake game kowa ba tare da an kira taro ba. To, amma duk yawan masu sauraro, shugaban tafiya ne kaɗai ke yanke hukunci, kuma bisa al'ada mutum ɗaya ne tak ke magana da kumbo, wanda galibi shi ma ɗan sama jannati ne. Dalili kuwa shi ne, mutumin da ke cikin haɗari ba ya buƙatar muryoyi barkatai a kunnensa.

An ga amfanin wannan tsari a watan Afrilu na 1970, sa'ad da tankin oksijin na kumbon Apollo 13 ya fashe a nisan kilomita kusan 320,000 daga duniya. Jim Lovell da Jack Swigert da Fred Haise suka fake a ƙaramin kumbon sauka a wata, wanda aka ƙera domin mutum 2. Kamar yadda ɗaliban ilmin halitta suka sani, kowane numfashi yana fitar da iskar kabon dayoksaid. Idan ta taru a rufaffen wuri, takan ƙara wa jini tsami, ta kawo ciwon kai da ruɗewa, daga bisani suma da mutuwa. Matatun iska na ƙaramin kumbon suka kusa ƙarewa. Na babban kumbon kuwa masu kusurwa huɗu ne, alhali mazauninsu a ƙaramin zagayayye ne.

Injiniyoyi a ƙasa, ƙarƙashin Ed Smylie, suka haɗa mahaɗi da leda da kwali da tiyo da tef, wato irin kayan da ke cikin kumbon. Babu hanyar aika hoto zuwa sama. Sai Joe Kerwin, likita kuma ɗan sama jannati, ya karanta musu matakan dalla-dalla da baki, suna bi suna haɗawa. Iskar ta ragu, suka sauka lafiya ranar 17 ga Afrilu. Gaskiyar Hausawa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A yau mazauna Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa suna ganawa da likitocinsu da iyalansu ta bidiyo. Sai dai akwai iyakar da na'ura ba ta iya ƙetarewa: saƙo yakan kai wata cikin daƙiƙa 1.3, amma zuwa duniyar Mas yakan ɗauki minti 3 zuwa 22. Masu tafiya can dole su iya warware matsalar gaggawa da kansu kafin amsar Huston ta iso.